Daddawa a Hancin Binta

A gidanmu na Maje, tun gonaki ba su koma gidajen haya ba, Kaka takan hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta. Wurin da ke jikin cinyarta nawa ne, don ni ce babba. Sai wata damina mura ta kama mu, ni da ƙanwata Binta. Ni na warke, ita kuwa tari da kasala suka ƙi sakinta, hancinta ya daina jin ƙanshi da wari. Shi ke nan, aka tashe ni aka zaunar da ita.

Kullum kafin tatsuniya sai Kaka ta kai dunƙulen daddawa hancin Binta. "Kin ji?" Binta ta girgiza kai. Sai Kaka ta ƙara jawo ta jiki, ta miƙa mata ludayin kunu na farko. Wallahi kishi kamar ya kashe ni! Ran nan na ce ni ma ba na ji. Kaka ta dungura min daddawar, na yamutse fuska. "Ja can, ja'ira," in ji ta, "hancinki ya tona ki."

Tatsuniyar da ta riƙa yi mata ta wani gari ce da ɓarawo ya shiga. 'Yan banga suka bi shi ya sulale, amma ba wanda ya gaya musu ya bar garin. Suka ci gaba da fasa rumbuna da tukwanen mutanensu suna nemansa, har kowa ya galabaita. "Haƙuri za ki yi, Bintalo," Kaka takan ce, "sai sun gaji sun ajiye sanda."

Kaka ta daɗe da rasuwa lokacin da korona ta kama ni. Na yi watanni ban iya shiga motar Abuja zuwa aiki ba, ko shara na yi sai haki. Likita ya ce ƙwayar cutar ta fita, garkuwar jikina ce ba ta daina faɗa ba, tana kumbura min hanyoyin numfashi da cikin hanci. Ashe 'yan bangan Kaka ke nan.

Binta ta zo duba ni da daddawa ƙulle a leda. Tana kwancewa ta yamutse fuska, ta kai min hanci. "Yaya, kin ji?" Ban ji komai ba. Wurin da na yi ta kishi a kansa ya dawo hannuna, ga shi babu cinyar Kaka. Na zauna ina kallon hancin Binta, wani sabon kishi yana cina.