Motar da Ba Ta Kai Tebaram Ba

Shekarun baya, lokacin da yajin aiki ya rufe mana lakwal, wato makaranta, wata da watanni, ba ni da wurin ɓuya sai cikin mushen motar kakana, a bayan gidanmu na Tawa. Ni mai kunya ce, ko gaisuwa sai a yi da gaske. Motar kuwa ba ta tambayar kowa komai.

Fentinta kore ne, ƙafafunta masu sandunan itace, gara ta cinye biyu. A goshinta akwai suna da ya kusa gogewa. Na kwafe shi na nuna wa malaminmu, ya ce bai taɓa jin sa ba.

"Yaya za ya ji?" in ji kakana. "'Yar Amurka ce, amaryata. Masu ƙera ta sun rufe tun ba ta tsufa ba. Marainiya ce."

Yana yaro ya bar Tebaram ya zama karen motar wani Bature. Burinsa ya shiga garinsu a cikinta. Ana gobe za su tafi can wani ƙarfe ya karye a cikinta. Aka aika a kawo, ashe babu mai yin irinsa kuma. Bature ya koma gida ya bar masa ita.

Kullum da hantsi sai ya zauna gefena ya kama sitiyari.

"Riƙe da kyau, ga rairayi! Mi kika gani?"

"Kajin Inna," in ce a hankali.

"Makauniyar mata na aura! Affala ce wannan, kan hanyar Tebaram."

Da hatsi ya yi tsada, mahaifina ya kira maƙera ya sayar musu da motar. Kakana bai hana ba. Na tsaya bayan zana ina jin guduma, ina kallon korayen ɓarɓashin fenti suna zuba a ƙasa.

Dab da damina muka bi ta kasuwa ni da shi. Wani manomi yana ɗaure sababbin hauyoyi a kan motar ƙauye. Ni na lura da ɗigon kore a bakin ɗaya. Na ja hannun rigar kakana.

"Malam, ina zuwa?" ya tambaye shi.

"Tebaram, Baba."

Kakana ya daɗe yana shafa ƙarfen. "To, ki gaishe su," ya ce wa hauyar.

Shi bai koma ba har ya rasu. Har yau in na hau motar Tebaram, ina wuce Affala sai in ji kamar a tambaye ni abin da na gani. Yanzu kam ina da amsa.