Yaya Shufen da Tokar Mai Dankali

Yayata Ran Shufen ta shekara sittin da ɗaya a ƙauyenmu na kan dutse a lardin Guizhou na ƙasar Sin, kuma ni da na tashi a hannunta ina shaida cewa ba ta taɓa kai loma baki babu barkonon toka ba. Takan binne busasshen barkono a toka mai zafi har bayansa ya yi dabbare-dabbare, ta ciro, ta hure, ta murje a tafin hannu, sannan ta zuba gishiri da ruwan awara. Wanda aka soya a kasko kuwa, na ragwaye take kiransa.

Da mijinta ya rasu, ɗanta Jiahe ya ɗauke ta zuwa birnin Guiyang, bene hawa na sha huɗu, inda murhu na gas ne, babu itace balle toka. Wata guda ta rame. Ta ɗaure kayanta, ta ce ranar Lahadi za ta koma ƙauye, gidan da rufinsa ke yoyo, babu kowa a ciki. Jiahe ya kira ni, a matsayina na kawunsa, in ba ta baki.

"Yaya, barkonon kanti ma ai barkono ne," na ce.

"Kai da ka ci nawa shekara hamsin? Ashe marar harshe na yi ta ciyarwa!"

Ranar Asabar na lallashe ta muka sauko shan iska. A bakin titi wani dattijo mai suna Pu yana gasa dankali cikin duro. Ta tsaya ta shaƙi hayaƙin.

"Ƙanena, gawayin itace ne ko kwal?" ta tambayi Pu.

"Na itace, Yaya. Dankali nawa?"

"Ajiye wa jikokinka. Buɗe min ƙofar ƙasan duron."

Ta zaro barkono daga aljihu ta cusa cikin tokar. Ba a jima ba masu jiran bas suka kama tari da atishawa suna watsewa.

"Tsohuwa, kin kore min masu saye!" in ji Pu, yana share hawaye.

Ta ciro barkonon daga tokar. Ta murje guda, ta ɓare dankali, ta dangwala, ta miƙa masa. Ya tauna, ya sake miƙo hannu.

"Gobe ƙarfe nawa za ki zo?"

"Gobe ai ina..." Ta tsaya, ta juyo ta harare ni. "Kai kuma tsayuwar me kake yi? Hau sama ka kwance min kayana."