Waƙar da na yi wa Inna a ƙofar ɗakinta

Shekarun da Nasara ya naɗe tabarmarsa ya bar mana Yamai, ni ne sarkin ci na unguwar Zongo. Tuwon da nake tashi da shi, in aka zuba a kogin Isa, sai ruwa ya nemi wata hanya.

Inna kuwa, tun da ta haifi ƙanwata ta shige ɗaki ta yi shiru. Ba goyo, ba girki, sai kallon bango. Ba wanda ya kai ta lopital, wato asibiti. Wasu suka ce iska, wasu suka ce lalaci. Kaka, uwar Baba, ta karɓi riƙonmu.

Ana idar da magariba sai Kaka ta hura wuta, ba ko'ina ba sai daidai ƙofar Inna.

"Maigida, matso da tumbin nan naka. Ga ta nan tafe gare ku."

"Ta iso mu ji ta!"

Kullum tatsuniyar Zabuwa ce. Wai Zabuwa ta sha ado, ta zuba ƙwai a ciyawa, ta tafi yawonta. Tsohuwar Kaza ta kwanta a kansu har ƙirjinta ya tuje, ta ƙyanƙyashe. Ran da Zabuwa ta dawo neman 'ya'yanta, sai suka yi mata waƙa: "Ke wace ce? Ke wace ce? Uwarmu mai ɗumi ce!"

Ni ke jan waƙar, da muryar da ake ji har unguwar Filato, Kaka na ƙara mini loma. Ta ce ƙurunƙus, tana hararar asabarin ƙofa.

Bayan shekara uku Inna ta samu sauƙi, ta kwaɗa zogale da hannunta ta miƙo mini. Na ce, "Ke wace ce?" Gida ya kwashe da dariya. Ta ajiye kwanon a hankali. Ciwon nata ya riƙa tafiya yana dawowa, ni kuwa ban dawo gare ta ba sai da na yi gemu.

Kaka ta goya mu, ban musa ba, Allah Ya jiƙan ta. Amma mace na kwance ba lafiya, a ɗauki ɗanta a yi bulala da shi? Zabuwa da ƙafarta ta tafi. Inna taku uku ne tsakaninmu, ciwo ya danne ta, gida guda na manya ba wanda ya ce haba!

Da na durƙusa neman gafarar Inna, na tambaye ta ko a lokacin tana jin mu.

"Ina ji mana," in ji ta. "In ka rera da ƙarfi, na san ka ci ka ƙoshi. Ran da muryarka ta yi ƙasa ne hankalina ke tashi."

Ita ta yafe. Ni har yau ban huce da abin da aka sa na yi mata ba.