Barewar da na hana kakana kallo

"Dakata, kar ka harba," in ji kakana, yana leƙen wayata ta saman kafaɗata.

Ni kuwa, jama'a, ina bakin gagarumin aiki. A wannan zamani na masu kaki ni ma janar ne, a wasan yaƙi na intanet. Dakaruna na jiran sulke, sulken kuma ba ya haɗuwa sai da fatar barewa, kwana biyu ina farautarta.

Tsohon ya zo Tasawa ne daga Korgom ganin likita. Maharbi ne a da, amma tun farin da ya cinye dajinsu bai sake sa barewa a ido ba.

"Matso da ita, ja'iri. Dubi yadda take kaɗa kunne. Mace ce."

Na ga reso, wato sabis ɗin intanet, na rawa, ga wani ɗan wasa ya nufo ta. Sai na danna. Barewa ta ɓace, fata ta shiga rumbuna.

"Ina naman?"

"Kaka, nan fata kawai ake ɗauka."

"Mu ba mu sakin kibiya sai mun tabbata babu ɗa a bayanta. Kai ko kallonta ba ka yi ba."

Ya koma kan tabarmarsa. Washegari ya hau kabu-kabu ya tafi gida.

Sulke ya samu, mai girma janar ya ci yaƙinsa. Yau a wasan na tarar da garken bareyi guda suna kiwo, na kasa harbi, kuma babu wanda zan nuna wa.

Don Allah, wanda ya iya ɗaukar bidiyon fuskar waya ya koya mini. Ina da saƙon kaiwa Korgom.