Fuskar da Na Goge a Bangon Sabon Layi

Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta. Asalinmu 'yan Michika ne, na gama karatun zane ke nan na buɗe shagon ɗinki a Sabon Layi, nan Mubi. Da safe in hau keken ɗinki, da yamma in zauna da buroshi da fenti. Ana ta yabona wai hannuna yana fitar da fuskar mutum kamar hoto, kaina kuwa ya kumbura.

Wata rana matasan unguwa suka ba ni dogon bangon da ke bakin titi, suka ce in zana matan da ke ciyar da gari. Akwai wata Bafulatana mai tallar nono da ke zama gindin darbejiya kusa da shagona, Goggo nake ce mata. Kullum sai mun gaisa, tana tsokanata wai bakina ya fi rediyo. Ita na zana a tsakiyar bangon, fuskarta sak, har da wushiryarta. Ban tambaye ta ba. Ni a ganina karramawa ce, don a gidanmu hoton uwa a falo ake rataye shi.

Kwana biyar na yi a kan tsani. Da na gama, masu keke suna tsayawa kallo, ana ɗauka a waya ana yaɗawa, daɗi kamar ya kashe ni. Goggo kuwa ba ta sake fitowa ba. Sai bayan mako biyu abokiyar tallarta ta gaya mini cewa dangin mijinta sun ce ta zubar musu da mutunci, wai matar aure ta zauna an zana ta maza suna kallo a titi. Goggo ta rantse ba ta sani ba, ba wanda ya yarda. An hana ta tallar da take yi tun kafin a haife ni.

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Babana ya raka ni rugarsu can bayan Bahuli, muka tsallake mayo, wato kogi, da ƙafa. Na durƙusa gaban mijinta na ce, Baffa ya yi haƙuri, laifin nawa ne ni kaɗai. Sai ya tambaye ni ko zan so a manna fuskar mahaifiyata a tasha ba da saninta ba. Goggo ko kallona ba ta yi ba. Ta ce abin da ya fi mata ciwo, ashe duk gaisuwar nan da nake mata fuskarta nake sacewa.

Washegari na shafe fuskar da hannuna ina hawaye, don ban taɓa aikin da ya kai ta kyau ba. Na koma ruga na tambayi Goggo me take so a sa a gurbin. Ta ɗauko ƙwaryarta, ta nuna mini zanen da mahaifiyarta ta yi a jiki da ƙarfe mai zafi. Sai na zana mace ta juya baya, ƙwaryar nan a kanta.

Yau na zana bango a Yola da Abuja, kuma da izinin Goggo zanen ƙwaryar yana jikin rigunan da nake ɗinkawa. Ina alfahari da su, amma na fi alfahari da ranar da na hau tsani na goge abin da na fi so. 'Yan'uwana masu zane da masu ɗaukar hoto, fuskar mutum tasa ce, ku tambaya kafin ku taɓa.

Goggo ta dawo gindin darbejiyarta. Duk wanda ya tambaye ta ko ita ce a bango, sai ta yi dariya ta ce ba ta san matar ba, amma ƙwaryar tata ce.