Zanen Ƙofar Kakata

Har yau in na ji ƙamshin ɗanyar laka, raina ɓaci yake yi. Bari ku ji dalili.

A Tsarnawa, in gero ya shiga rumbu, mata kan sake yaɓen ɗakunansu. Kakata ba ta tsayawa nan. Tun laka ba ta sha iska ba take sa yatsa ta zagaye ƙofa da zane: wasu dogaye a tsaye, wasu da ƙugiya, wasu da ciki kamar ƙwarya, ga ɗigo sama da ƙasa. Daga nesa sai ka rantse Larabci ne. Ita ko alif ba ta sani ba. A gefen wani faranti ta gani, wanda kakanmu ya zo da shi daga Makka. Har daga Malbaza ake aikowa ta je ta yi wa amare.

Sai ƙanen babana ya dawo daga karatu a Sakkwato. Ya tsaya bakin ƙofar yana motsa leɓe, abu ya ƙi karantuwa.

"Inna, mi kinka rubuta nan?"

"Ban rubuta komi ba, ɗan nan. Ado ne."

"In aya ce, kin ɓata ta. In ba aya ba ce, tsubbu za a ce muna yi."

Ya ɗauko hauya ya kankare. A gaban uwarsa! Mazan gidan, da suka shekara suna shige da fice ta ƙofar nan, kowa ya sunkuyar da kai. Kaka da kanta ta share ɓaraguzan.

Farantin fa? Ba wanda ya taɓa shi, ai daga Makka ya fito. Sai da na shiga lakwal, makarantar boko, na kifa shi na karanta gindinsa: ƙirar Sin ne. Wani can da shi ma bai san alif ba ya ga rubutu ya yi masa kyau, ya kwaikwaya, alhazai suka saya suna sa albarka. Shi an yafe masa. Tsohuwa ce mai laifi.

Daga ranar da aka kankare zanen, ko an aiko, sai ta ce hannunta na ciwo. Ba ta koya wa kowa ba har ta rasu.

Bana 'yar ƙanen baban nawa ta yi aure, ta ce tana son irin zanen da ake ba ta labari. Aka zagaya gari, babu mai iyawa. Ni da na gani da idona aka tura gaban bango. Na ɗaga yatsa, na tsaya ina tuno ta inda take farawa, har lakar ta bushe.