Binnen Tafarnuwa a Mount Hope

Wata Asabar cikin Nuwamban bara jikata Hauwa ta tasa ni gaba zuwa ɗan lambun da 'yan unguwarmu ta Mount Hope, a nan ƙasar waje, suka yayyanka tsakanin benaye biyu. Rabonmu bai fi tabarmar liman ba, amma gona take ce masa, ni kuwa da na tsaya a aji huɗu ba na gardama da mai digiri. Sanyi na cizon kunne, ita tana ɓare tafarnuwa sala-sala tana cusawa a ƙasa, tsini na kallon sama, ga 'yan ƙwayoyin albasa a gefe. Na ce, "Amarya, firjin ne ya cika kika koma ajiya a rami?" Ta amsa da Hausarta mai ɗingishi, "Kaka, sai sun sha ƙanƙara suke yin kai."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai binne ya faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu, arewa da Katsina, binne shi ne a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwan farko bai sauka ba. Wata shekara ina ɗan mitsitsi rumbunmu ya ƙare ƙarƙaf, sai irin da Baba ya zuba a tulu ya liƙe bakinsa da laka. Kunu tsararo muke sha mu kwanta. Inna ta roƙe shi ko rabi ya ba ta ta tuƙa mana tuwo, ya girgiza kai. Washegari ya saɓa sungumi yana gaba yana sara, ni da yayata muna biye, mu jefa iri mu rufe da diddige, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, sama fes ko ɗigon gajimare babu. Kowa ya san cacar: in yayyafi ya yaudari irin, ya tsiro ya ƙone, in ruwa ya yi nawa, tururuwa da zabi su yi biki. Bayan wannan tulun kuma ba wani. Ina tafe ina hawayen tuwon da muke tura wa ƙasa, Baba ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ba zubarwa muke ba, ajiya muke ba ta."

Muka yi ta korar zabi, muna langa a bakin gona, ido na gabas. Ran da hadari ya haɗo, ruwa ya kece har kwatami ya cika. Bayan kwanaki kaɗan muka fito, ga kore layi-layi har inda ido ya tsaya. Ni dai zama na yi daɓas. Inna ta rufe baki da gefen zane tana ta salati.

To, bara ma ƙanƙara ta binne gonar Hauwa, kullum na wuce zuwa masallaci sai na tsaya na yi wa tafarnuwa ta'aziyya. Cikin Maris na leƙa, sai ga tsinke kore ya huda ƙanƙara ya miƙe, ba ko hula. Na cire safar hannu na taɓa shi. Hauwa ta ce, "Kaka, kuka kake?" Na ce, "Sanyi ne, sarkin sa ido."

Can wuta ce a ƙasa, nan ƙanƙara, amma ajiyar ba ta ɓata ba. Baba bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma da yana nan, shi ba zai yi wa yarinyar nan dariya ba.